Yadda Inna Tabawa Ta Hana a Ƙarasa Mini Magana

Ni mai i'ina ne. Da ita na tashi, da ita na yi karatu, da ita na koyar da 'yan sakandare har na ajiye aiki, kuma ga alama da ita za a kai ni makwancina. Na fara da wannan ne don wanda bai san ni ba ya gane abin da ya sa, duk sa'ad da aka tambaye ni inda na koyi dabarun shawo kan mai sauraro, ba na ambaton wata kwaleji. Tamawa nake ambata, ƙauyenmu da ke ƙasar Kurfi, da bakin murhun kakata, Inna Tabawa.

Ita ta haifi mahaifina. Gajeruwar tsohuwa ce mai kaurin murya, haƙoranta sun rine da goro da fure, yatsunta kullum fari fat da allin kaɗi. Ɗakinta yana can ƙuryar gida kusa da rumbuna. Da an ci tuwo an idar da sallar isha'i, sai ta jawo karan dawa ta hura wuta a ƙofar ɗakin, ta ɗauko mazarinta da audugarta ta zauna a kan wata tsohuwar tabarmar kaba. Ba ta taɓa kiran kowa ba. Hasken wutar ne kiran. Mu yaran gidan, da na maƙwabta, sai mu yi ta sulalowa muna neman wuri. In lokacin sabuwar gyaɗa ne a turbuɗa ta a toka, in na masara ne a jingina ta da duwatsun murhu.

Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga wata baƙuwa nan ta taso daga nesa, wa zai ba ta masauki?"

Mu kuma mu amsa, "Ta sauka, mun share mata wuri."

Tatsuniyoyinta ba su cika dodanni da aljanu ba. Abin da ta fi so shi ne labarin ƙarami da ya je gaban babba da magana: talaka a gaban mai gari, tsuntsu a gaban maharbi, ɗan akuya a gaban kura. Kuma ba ta barin labari ya wuce haka kawai. Sai ta kai tsakiya, inda kowa ya ƙagu, ta tsaya ta dube mu ta ce, "To, in kai ne, mi za ka ce?" Dole kowa ya faɗi tasa kafin ta ci gaba.

A nan ne nawa tashin hankali yake. Idan layi ya zo kaina, amsar tana nan a raina sarai, amma sai harshe ya kafe. In yi ta tuntuɓe a kan harafi ɗaya, idona ya kawo ruwa. Akwai 'yar baffana, Indo, sa'ata ce, bakinta kamar ana gasa gyaɗa. Ba da mugunta ba, tausayina take ji, da ta ga na maƙale sai ta yi wuf ta ƙarasa mini. Wata rana ta yi haka, Inna ta ajiye mazari.

"Indo, wa ya aike ki cikin bakin mijina?" Haka take kirana, irin wasan kaka da jika.

Indo ta ce, "Inna, taimakonsa na yi."

"Ya ce maki ba shi da baki? Ku ji da kyau, ku duka. Duk wanda ya ƙara ƙarasa wa Sada magana a bakin wutar ga, ya tashi ya ba ni wuri. In zai kwana bisa kalma guda, mu kwana tare da shi."

Daga ranar dokar ta zauna. Akan yi shiru ana jirana, ba ka jin komai sai ƙarar wuta da kukan gyare. Wani lokaci wani yaro ya ƙunshe dariya, Inna ta juya masa ido ɗaya, dariyar ta koma ciki. A duk faɗin duniyar da na sani a lokacin, wurin nan ne kaɗai ake barina in kai ƙarshen zancena.

Aka sa ni elementare a Kurfi, daga nan na wuce babbar firamare ta kwana a Dutsin-Ma. Shekarun nan ne da ake ta hidimar samun mulkin kai, ko'ina ka juya zancen ilmi ake yi. A rubutu ba na jin tsoron kowa a ajinmu. Da muka kai ajin ƙarshe muka zauna jarrabawar shiga sakandare, na kuwa ci. Saura mataki ɗaya, jarrabawar baka, wadda muke kira intabiyu. Wasu manya za su zo daga Katsina, a shigar da yaro shi kaɗai gabansu, su yi masa tambayoyi da Turanci.

Hedimastanmu, Malam Lawal, mutum ne dogo mai tsare gida, amma ba mugu ba ne. Ya sa aka kira ni ofis. Na tuɓe takalma na durƙusa. Ya ce, "Sada, ba zan shigar da kai gaban mutanen nan ba. Na taɓa shigar da wani yaro irinka, ya tsaya ya kasa faɗin ko sunansa, ya fito yana kuka, har ya bar makaranta bai sake ɗaga kai ba. Ba na son in ga haka a kanka. Zan nema maka wurin koyon aikin hannu, inda ba a bukatar dogon zance."

Maganganu suka cika mini ƙirji har suna neman fasa shi. Abin da ya iya fita daga bakina shi ne, "To, Malam."

Ba a jima ba aka ba mu ɗan hutun tsakiyar zango, na bi 'yan kasuwa na koma gida. Damina tana ƙarewa, ana cirar gyaɗa. Na samu Baba a zaure na faɗa masa, da ƙyar. Ya saurare ni, ya ce, "To, Allah ya sa haka shi ne alheri. Malaminka ya fi mu sanin abin da ya dace. Ga gona nan, ba ta taɓa tambayar kowa Turanci ba." Ba da fushi ya faɗa ba. Ina jin ma wani sauƙi ya ji, don tun farko bai so tafiyata ba.

Inna tana jin mu ta bayan danga. Da yamma ta hura wutarta kamar kullum, yara suka taru, na zauna can baya ina wasa da tsinke a ƙasa. Ta yi sallamar baƙuwarta, muka ba ta masauki, ta fara.

Ta ce wata shekara ruwa ya ɗauke, tafkuna duk suka ƙafe, sai guda ɗaya a gindin wani dutse. Nan kowace dabba ke sha. Rannan Giwa ya sa aka yi shela cewa zafi ya ishe shi, gobe zai shiga tafkin nan ya yi birgima. Kowa ya san in Giwa ya shiga ya fito, ba sauran ruwa sai taɓo. Ƙananan dabbobi suka taru suka ce a aika wanda ya iya magana ya ba shi haƙuri.

Aka fara aika Aku. Aku ya je ya buɗe baki ya yi ta zuba kirari, ya yabi haure, ya yabi kunne, ya yabi kakannin Giwa har na bakwai. Daɗi ya kama Giwa ya yi barci. Da ya farka ya ce, "Madalla da kai, gobe ka dawo ka yi mini irinsa ina cikin ruwa." Aka aika Bushiya. Ita kuwa tun daga nesa ta tayar da ƙayoyinta, ta ce masa azzalumi, ta ce Allah zai saka musu. Giwa ya fusata ya ce, "Da gobe na ce da hantsi, yanzu na mayar da shi da asuba." Aka aika Zomo. Zomo ya faɗi yana birgima yana kuka, yana lissafa 'ya'yansa da za su mutu. Giwa ya share hawaye ya ce, "Kukanka ya taɓa ni ƙwarai. Amma bayana bai daina zafi ba."

Inna ta tsaya ta gyara wuta. Ta ce ana cikin jimami sai Hawainiya ta ce za ta je. Aka fashe da dariya, don yadda take tafiya haka take magana, ta yi gaba ta dawo baya, kalma guda sai ta ɗauke ta lokacin da wani zai ci tuwo ya wanke hannu. Suka ce, "Wa zai aike ki?" Ta ce, "Ba wanda ya aike ni. Ni ma ruwan nake sha."

Da ta isa gaban Giwa ba ta yi gaggawar buɗe baki ba. Ta juya idon nan nata ta dube shi sama da ƙasa, ta ga fatar bayansa ta tsattsage, ƙudaje suna bi. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, zafin ga ya cuce ka. Na ga bayanka." Giwa ya juyo ya ce, "Duk waɗanda suka zo, ke kaɗai kika gani." Ta ce, "Wanka ya kama ka, ba mai musun wannan. Amma ina da tambaya. In ka fito daga birgima, ƙishirwa za ta kama ka?" Ya ce, "Za ta kama ni." Ta ce, "Ina za ka sha?"

A nan Inna ta yi shiru. Ta ɗauki mazari ta murza, zare ya yi ta sauka. Muka yi ta jira har wani ƙaramin yaro ya ce, "Inna, sai me?" Ta ce, "Haka ita ma ta bar shi. Ba ta taimake shi da ko kalma ba."

Can Hawainiya ta ƙara, "Jibi ina za ka sha? Gata ina za ka sha?" Sai Ungulu, wanda yake bafaden Giwa, kuma shi kaɗai ne zai ci riba in dabbobi suka mutu, ya ce, "Ranka ya daɗe, kana sauraron wannan da ko magana ba ta iya ba?" Hawainiya ta ce, "Gaskiya ya faɗa, ban iya ba. Shi ya sa ban zo da mai yawa ba. Tambaya guda na kawo, kuma har yanzu ba a amsa ta ba."

Giwa ya rasa ta cewa, ga kuma jama'a na kallo. Hawainiya ta ga in ta bar shi a haka, kunya za ta sa ya shiga ruwan ko don kada a ce an kayar da shi. Sai ta ce, "Allah ya ba ka hancin da bai ba kowa ba. Da a bakin gaɓa ka tsaya ka zuƙo ruwan ka watsa a bayanka, ka yi wankanka, tafki kuma bai san ka zo ba. Amma ni wa ce da zan koya maka? Wataƙila ma abin da ka yi niyya ke nan tun farko, mu ne ba mu fahimci shelar ba." Giwa ya gyara tsayuwa ya dubi jama'a ya ce, "Abin da na yi niyya ke nan."

"Shi ya sa har gobe," in ji Inna, "da hanci Giwa ke wanka. Baƙuwa ta ci ta sha, ta kama hanyar garinsu."

Sannan ta fara tambayoyinta. Me ya kayar da Aku? Indo ta ce ya yi ta yabo har ya manta abin da ya kai shi. Bushiya fa? Wani ya ce gaskiya ta faɗa, amma ta faɗe ta yadda ba za ta shiga kunne ba. Zomo fa? Inna ta ce, "Zomo damuwarsa ya kai. Hawainiya damuwar Giwa ta fara nema." Ta ɗago kai ta hango ni can baya. "Mijina, matso. Hedimastan naka, mi ke damunsa?"

Ban taɓa tunanin Hedimasta yana da damuwa ba. Na daɗe ina kokawa da harshena, ana jirana, har na ce tsoro yake ji kada a yi mini dariya, kada kuma a ce makarantarsa ta kawo yaron da ba ya iya magana.

"To, ka ga bayan Giwa ke nan," ta ce.

Na ce ko za ta bi ni Dutsin-Ma ta roƙe shi, tunda ita babba ce, zai ji nauyinta.

"Ba inda za ni. In na tahi na yi maka magana, na tabbatar masa da abin da ya ce, cewa ba ka iya yi wa kanka. Bakinka aka raina, ba nawa ba. Kai za ka tahi."

Ashe Baba yana tsaye kusa da rumbu yana ji. Ya matso ya rage murya ya ce, "Inna, yaro ya je ya yi jayayya da malaminsa? Ba haka kika tarbiyyantar da mu ba."

Ta sallami sauran yara tukuna, don ba ta yi wa ɗanta magana a gaban 'ya'ya. Ni ta ce in zauna. Sannan ta ce, "Wa ya ce jayayya? Zai tuɓe takalmi, zai durƙusa, zai gaishe shi. Na koya maku ladabi, ban koya maku ku mutu da magana a ciki ba. Ni na ga ranar da aka haifi yaron ga. Ni na ga ranar da ya fara tahiya, yana faɗuwa yana tashi, ba wanda ya ce a ɗaure masa ƙafa don kada ya ji kunya. Ni na ga ranar da ya fara karatun allo wurin baffansa, yana maƙalewa, ba wanda ya ce a karɓe allon. Yau don zai tsaya gaban masu wando, shi ne za a ce ya koma gida? In sun ji shi sun ƙi shi, wannan hukuncin Allah ne, mu karɓa. Amma ba a ji shi ba, a ce ya kasa? Ban yarda ba."

Baba ya juya wurin Inna. Ya ce, "To, ya gwada. Amma in malamin ya ce a'a, magana ta ƙare."

"Ta ƙare," in ji Inna.

Sauran kwanakin hutun nan, kullum bayan tatsuniya sai ta hau kan turmi ta harɗe, ta ɗaure fuska ta ce ita ce Hedimasta. In zo in yi sallama in faɗi abin da na shirya. Ranar farko na zo da dogon jawabi, har da cewa ni maraya ne a ilmi, ban san ma inda na samo wannan ba. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ka zama Zomo. Rage." Kashegari na zo da zafi, na ce an zalunce ni. Ta ce, "Yau kuma Bushiya ce ta zo gaishe ni." Ta yi ta yanke mini zance kamar mai gyaran rama, har abin da ya rage bai fi a faɗa da numfashi kaɗan ba. Ta ce, "Masu sakin baki suna da kalmomin zubarwa. Kai ba ka da su, kowace da tsada take fito maka. Don haka kada ka fitar da wadda ba ta aiki." Ta kuma ce kada in same shi a ofis gaban malamai, in bari sai ya koma gida ya ci abinci ya huta.

Haka na yi. Da muka koma makaranta, wata ranar Juma'a bayan la'asar, na je ƙofar gidansa. Yana zaune a kan kujerar kwance a inuwar dalbejiya, yana sauraron rediyo. Na gaishe shi. Ba zan rubuta maganar yadda ta fito da tsinke-tsinkenta ba, don za ta cinye shafi. Mai karatu ya dai sani kowace jimla sai da na yi dambe da ita.

Na ce, "Malam, na san don kada a yi mini dariya ka hana ni shiga. Na gode."

Ya rage muryar rediyo.

Na ce, "Malam, in na tafi koyon aikin hannu, can ba za a yi mini dariya ba?"

Na rufe bakina. Wannan shirun shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi. Duk jikina yana ce mini in ƙara wani abu, in ba da haƙuri, in tashi in gudu. Na danne.

Sannan na ce, "An yi mini a kasuwa. An yi mini a aji. An yi mini a filin ƙwallo. Ban bar makaranta ba. Na san kuma akwai sunan makaranta. Ba na son in zubar da shi. Malam, ka gwada ni da kanka. Ka yi mini tambayoyin da za su yi. In ka ga ba zan iya ba, na haƙura, ba zan sake zuwa ba."

Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya dube ni har na fara jin na yi wauta. Ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya ce, "Tashi ka tafi, an kusa kiran magariba."

Na koma ɗakin kwana ina ganin shi ke nan. Kwanaki suka wuce bai ko dubi inda nake ba. Sai wata rana bayan an tashi daga aji, ya aiko a kira ni. Na same shi ya jera kujeru uku a bayan tebur, ya zauna a ta tsakiya. Ya ce da Turanci in shigo in faɗi sunana. Daga ranar, kusan kullum sai ya ware mini lokaci. Bai sassauta mini ba ko kaɗan. Yakan ɗaure fuska, ya jefo tambaya ta inda ban zata ba, wani lokaci ya duba agogo da gangan don ya ga ko zan rikice. Shi ne kuma ya gyara mini jimlar da zan fara da ita, wadda na ce masa ina so in faɗa kafin kowa ya gano i'inata da kansa. Duk abin da na zama, da hannun mutumin nan a ciki, Allah ya jiƙansa.

Ranar intabiyu na shiga na samu mutum uku, ɗaya Bature. Na gaishe su, na ce musu ni mai i'ina ne, ina roƙon su ba ni lokaci, zan amsa duk abin da suka tambaya. Baturen ya ajiye alƙalaminsa ya jingina. Suka tambaye ni garinmu. Na maƙale a kan harafin farko na Tamawa har gumi ya keto mini. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki zai taimake ni, na ɗaga hannu kaɗan, cikin ladabi, ya fasa. Na fitar da ita. Suka tambaye ni abin da ake nomawa a wurinmu, da yadda ake sanin gyaɗa ta nuna, da abin da nake so in zama. Na ce malamin makaranta. Na ga sun dubi juna. Ban janye ba.

Da sakamako ya fito aka ce an ɗauke ni, na je gida da murna na faɗa wa Inna. Tana tsinke audugarta, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ka koma ka yi wa malaminka godiya?" Na ce na yi. Ta ce, "To, miƙo mini allin can." Sai daga baya Indo ta gaya mini cewa ranar, da na fita, tsohuwar ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito idonta jajir. Ina tsakiyar karatun sakandare Allah ya karɓi abarsa.

A sakandare ne na tarar ashe duk abubuwan nan suna da sunaye a littattafai. Tambayar da ba amsa ake nema da ita ba, maimaita kalma don ta zauna a zuciya, jera misalai uku, amsa hujjar abokin gaba tun bai kawo ta ba, tsayawa a bar shiru ya yi aiki. Na haddace su na ci jarrabawa da su. Da na zama malami aka damƙa mini ƙungiyar muhawara, abin da ya ba mutane da yawa dariya, na koyar da su shekara da shekaru. Yara suna son su, don suna ganin makamai ne na kayar da abokin hamayya.

Abin da ya ɗauke ni tsawon rai kafin in gane shi ne, dabarun nan ba su da uban gida. Na ga 'yan siyasa sun yi amfani da su a kan dandamali sun sayar wa mutane iska. Na ga ɗalibina mafi zaƙin baki ya ci muhawara a kan abin da shi kansa bai yarda da shi ba, ya sauko yana taƙama. Ranar ban yi barci da daɗi ba. Ungulu ma ai ya iya magana. Abin da ya raba shi da Hawainiya ba gwaninta ba ce. Tambayarta gaskiya ce, in Giwa ya shiga ruwan shi ma zai rasa na sha, kuma ta nema masa mafita da ba za ta zubar masa da girma ba. Daga baya nakan ce wa yarana, kafin su tsara yadda za su faɗi magana, su fara tambayar kansu ko za su iya tsayawa a kanta in an kashe fitilun zauren kowa ya watse.

Akwai kuma darasin da ba a rubuta a kowane littafi ba. Kafin ka shawo kan wani, sai ka fara yarda cewa kana da haƙƙin a saurare ka. Yara da yawa da na koyar ba dabara suka rasa ba. 'Ya'yan ƙauye ne, ko 'yan mata a ajin da maza suka cika, ko masu Turanci mai gargada, an riga an gaya musu ta hanyoyi da dama cewa su yi shiru ya fi musu. Irin waɗannan nake fara ɗorawa a kan dandamali, in tsaya a bayan aji in harɗe hannu, kuma duk makarantar an san abin da zai sami wanda ya yi dariya.

Yanzu na tsufa, i'inar ba ta tsufa ba. Har yau akan ba ni magana a wurin ɗaurin aure ko taron gari, in miƙe in maƙale a tsakiyar jimla. Nakan ga wasu sun sunkuyar da kai suna wasa da carbi, wai kunya suke taya ni ji. Ba na sauri don in sauƙaƙa musu. Nakan tsaya a inda nake, in bar su da shirun, har sai sun gaji sun ɗago sun dube ni. Sannan in ci gaba daga inda na tsaya.